Dariyar da ke Tona Asirin Masu Sa Ido

Wani mai fasaha a birnin Berlin, Simon Weckert, ya zuba wayoyin hannu 99 cikin 'yar amalanke, kowace da Google Maps a buɗe, ya dinga jan ta a titunan da ba kowa. Bayan wani lokaci taswirar ta yi ja, alamar cunkoson motoci. Duniya ta sha dariya, sannan hankali ya dawo: ashe wayar da ke aljihu tana kai rahoton inda mai ita yake, da saurin tafiyarsa.

Sa idon wannan zamani ba ya ƙara, ba ya ciwo, shi ya sa ba a damu da shi ba. Dogon bayani kan "sirrin bayanai" gundurar mutane yake yi. Raha kuwa takan shige inda wa'azi ya tsaya a ƙofa, kamar yadda 'yan tashe ke tona halin mutanen gari cikin wasa a watan azumi.

Dries Depoorter, ɗan ƙasar Beljiyam, ya haɗa wata manhaja a 2021 da ke kallon zaman majalisar yankin Flanders kai tsaye. Duk ɗan majalisar da ta kama yana latsa waya, sai ta wallafa hotonsa a intanet. Masu yin doka suka ɗanɗana abin da talaka ke sha kullum. Shi kuwa Hasan Elahi, malamin fasaha a Amurka, bayan hukumar FBI ta yi masa tambayoyi a 2002 bisa zargin da bai tabbata ba, sai ya shiga wallafa hotunan abincinsa, gadon da ya kwana, har da ban-ɗakin da ya shiga. Tunda ana son sani, ya ba su har ya yi musu yawa.

Mu ma abin bai tsallake mu ba. Wasu manhajojin ba da rance a Najeriya kan kwashe lambobin da ke wayar mutum, ranar da ya gaza biya su aika wa danginsa saƙon cin mutunci. Dokar kare bayanai ta 2023 tana nan, amma ba za ta latsa maka waya ba. Kafin ka amince wa wata manhaja, duba me take nema. Idan ta tocila ce kawai amma tana son lambobin abokanka da inda kake kwana, ka hana ta.