Makaɗa masu albashi: tarihin orkestrar gidan rediyo da abin da ya shafi Hausawan Duwala

Mai sayar da albasa a kasuwar Sandaga ko tela a New Bell, in ya kama BBC Hausa da asuba, labarai yake nema. Da wuya ya san cewa gidan da ke karanto masa labaran yana kuma ciyar da manyan ƙungiyoyin makaɗa har biyar, masu cin albashi duk wata kamar sauran ma'aikata. Radio France tana da biyu. Irin wannan ƙungiya ita ake kira orchestre symphonique da Faransanci: makaɗa tamanin zuwa ɗari a zaune wuri guda, kowa da takardar kiɗa a gabansa, madugu ɗaya yana tsaye yana ja musu gora da ɗan sanda.

Kayan kiɗan ba baƙi ba ne ƙwarai ga Bahaushe. Fiye da rabin makaɗan 'yan gidan goge ne, manya da ƙanana. Akwai masu busa irin su sarewa da algaita, akwai masu ƙahonin tagulla dangin kakaki, sannan daga baya can masu ganguna da tambura. Bambancin yana ga wanda ke riƙe da su. Makaɗin fada yana da sarkinsa, makaɗin biki yana jiran liƙi, su kuwa waɗannan ubangidansu gidan rediyo ne.

Larura ce ta haife su. A shekarun 1920, lokacin da rediyo ya fara, faifan garmaho minti uku zuwa huɗu kacal yake ɗauka a kowane gefe, sautinsa kuma da ƙura. Gidan da ke son cika awanni da kiɗa dole ya zaunar da makaɗa a gaban makirufo su yi kai tsaye. Orkestrar rediyon Balin ta samo asali a 1923, BBC ta kafa tata a 1930 a ƙarƙashin Adrian Boult, Faransa ta biyo baya a 1934 da Désiré-Émile Inghelbrecht, wadda a yau ake kira Orchestre National de France.

Faifai ya inganta daga baya, amma ba a sallame su ba, domin sun riga sun sami wani aiki da kasuwa ba za ta yi ba. Mai shirya wasa don kuɗi abin da jama'a suka sani yake sakawa. Gidan rediyon gwamnati kuwa yana iya biyan mawallafi ya rubuta sabon kiɗa, a buga shi, a naɗa, a ajiye, ko da zauren bai cika ba. A watan Disamba 1954 orkestrar rediyon Faransa ta buga wani sabon aiki na Edgard Varèse mai suna Déserts a Paris, 'yan kallo suka yi ta ihu da fito don bai yi musu daɗi ba, ga shi ana watsawa kai tsaye. Naɗin yana nan har yau, da ihun da komai.

A Afirka abin ya ɗauki wata siffa. Gana ta kafa orkestra irin ta Turai a 1959, zamanin Kwame Nkrumah, amma yawancin ƙasashe ƙungiyoyin jita da saksofon da ganguna suka ɗora wa albashi. Wanda ya fi dacewa da labarin nan ɗan Duwala ne: Manu Dibango, wanda aka haifa a 1933 ya rasu a 2020. Bayan Soul Makossa ta 1972 ta zagaya duniya, Abijan ce ta kira shi a tsakiyar shekarun 1970 ya jagoranci orkestrar gidan rediyo da talabijin na ƙasar, RTI. Aikin ba na ado ba ne. Mawaƙi ya zo da waƙarsa a ka, madugu ya tsara mata kiɗa, ya raba wa kowane makaɗi nasa, a yi ta gwaji kafin a hau iska. Boncana Maïga na Mali, wanda ya yi karatun kiɗa a Kuba, shi ma ya riƙe wannan orkestra, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa mawaƙan yankin suka riƙa kwarara zuwa Abijan a wancan zamani.

Ita Kamaru a Duwala rediyonta ya fara, a farkon shekarun 1940, a hannun magoya bayan Janar de Gaulle, don labaran yaƙi. A ƙarshen shekarun 1970, zamanin Ahmadu Ahijo, aka kafa orkestrar ƙasa a Yawunde, wadda Francis Kingué ya jagoranta, Anne-Marie Nzié kuma ta yi waƙa a cikinta. CRTV ta zo a 1987 da aka haɗe rediyo da talabijin. Daga Arewa, sunan da aka fi tunawa shi ne Ali Baba ɗan Garwa, wanda ya yi waƙa da Hausa da Fillanci, ya ratsa ta ƙungiyar raye-rayen ƙasa kafin ya tafi Paris, ya rasu a 2004. Ƙofar hukuma ce ta fitar da shi duniya, kuma irinsa ba su da yawa.

Maganar kuɗi ita ce ta shafi kowa. Tun 1989 ana cire redevance audiovisuelle daga albashin ma'aikata a Kamaru, masu biyan patanti ma suna biya, don a tafiyar da CRTV. Ke nan ɗan kasuwa Bahaushe mai rajista a Duwala yana da hannun jari a gidan, ko ya sani ko bai sani ba, kuma yana da bakin tambaya: me aka naɗa na kiɗan mutanensa, kuma ina aka ajiye? A Turai ma riƙon ba sauƙi. Faransa ta soke nata harajin a 2022, BBC kuma a 2023 ta sanar da rufe ƙungiyar mawaƙanta ta BBC Singers, sai da jama'a suka yi ca sannan ta janye.

Babu mai hankalin da zai ce New Bell na bukatar masu goge sittin cikin baƙaƙen kwat. Abin ɗauka daga orkestrar rediyo shi ne rabin aikinta da ba a gani: ɗakin naɗi mai kyau, da ma'ajiya mai suna da kwanan wata. Unguwar ta kafu tun 1914, kuma masu kalangu da algaita da mawaƙan biki sun yi zamani bayan zamani a cikinta. Na yanzu a wayoyi kiɗansu yake, waya ta faɗa ruwa shi ke nan.

Gine ta nuna abin da ake iya cetowa. Tsakanin 2008 da 2013 wani mai bincike ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, da tallafin Laburaren Birtaniya, ya kwafe waƙoƙi 9,410 daga tsofaffin zaren naɗi na gidan rediyon Konakiri. Zaren naɗi ba ya shiri da laima da zafi, funfuna ce ke cinye shi, Duwala kuwa ruwan da ke sauka mata a shekara ya haura milimita 3,500.