Yadda Ake Jeranta Sababbin 'Yan Wasan Alkafura A Jami'o'in Amurka

A kowace shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, akan shiga wata irin hada-hada a jami'o'in ƙasar Amurka masu ƙungiyoyin mata na wasan alkafura, wato wasan nan na tsalle-tsalle da lanƙwasa jiki da Turawa ke kira jimnastik. A watan ne 'yan matan da ke ajin ƙarshe na sakandare suke sa hannu a takardun yarjejeniya da jami'o'in da suka neme su. Kafin a ce kwabo sai masana wasan su fito da jerinsu: jami'a kaza ce ta kwashi rukunin da ya fi kowanne, kaza ke bi mata, kaza kuwa ta tashi a tutar babu. Daga nan sai gardama ta kaure tsakanin magoya baya, alhali kuwa yaran da ake gardamar a kansu ba za su taka filin gasar jami'a ba sai bayan wata goma sha huɗu.

Abin da ya sa maganar take da nauyi shi ne, karatun jami'a a Amurka yana da tsadar gaske, kuma har zuwa shekarar 2025 hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, wato NCAA, ba ta yarda wata babbar jami'a ta ba da sukolashif fiye da 12 a wannan wasa ba. Ke nan a shekara guda guraben da ke buɗewa ba su fi uku ko huɗu ba. Yarinyar da ta fara koyon wasan tun tana 'yar shekara biyar ko shida, iyayenta suna ta biyan kuɗin horo, wannan gurbi shi ne ladan wahalarta, domin ga mafi yawansu wasa ya ƙare ranar da suka karɓi digiri. Shi ma mai horarwa, idan ya yi kuskuren zaɓe shekara biyu a jere, kujerarsa ce ke rawa.

Hukumar NCAA ta fara shirya gasar ƙasa ta mata a wannan wasa a 1982, shekara goma bayan dokar 1972 da ta hana nuna wa mata bambanci a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Daga 1982 zuwa 2025 jami'o'i takwas kacal suka taɓa ɗaukar kofin. Georgia ta ɗauka sau 10, Utah sau 9, Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA, sau 7, Oklahoma ma sau 7, Alabama 6, Florida 3, sai Michigan da Jami'ar Jihar Louisiana, wato LSU, sau ɗai-ɗai. Galibi sunayen nan ne ake gani a saman jerin sababbin ɗalibai, don haka masu jerin sukan ce ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ta hanyoyi biyu 'yan mata ke isowa jami'a. Mafi yawansu sukan fito ne daga mataki na 10, wato matakin ƙoli na tsarin horon da ƙungiyar wasan ta ƙasa ke gudanarwa a kulob-kulob. 'Yan kaɗan kuwa sukan fito daga sahun ƙwararrun da ake ɗiba domin gasar duniya da ta Olamfik. Kafar labarai ta College Gym News, wadda ta yi suna a wannan aiki, takan duba hotunan bidiyo da makin da yarinya ta samu a kan kayan wasa huɗu: teburin tsallakewa, da sanduna biyu masu bambancin tsayi, da siririn katako mai faɗin santimita 10, da kuma dandamalin da ake wasa a kai da kiɗa. Daga nan sai a ba ta taurari, biyar ne ƙarshe. Jami'ar da ta tara masu taurari biyar da yawa ita ke hawa sama.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Ma'aunin da ake auna gwanar Olamfik daban yake da na jami'a. Tun 2006 aka soke cikakken maki 10 a gasar duniya, aka koma tsarin da ba shi da iyaka, inda yawan wahalar abin da 'yar wasa ta yi shi ke ƙara mata maki. Jami'o'in Amurka kuwa sun riƙe tsohon tsari. Da zarar 'yar wasa ta cika sharuɗɗan da za su sa makinta ya fara daga 10, duk wata bajinta da ta ƙara a kai ba ta da lada, sai dai haɗari. Abin da alƙalai ke kallo shi ne tsabtar aiki: ƙafa ta miƙe, gwiwa kada ta lanƙwashe, sannan a dira ƙasa cak kamar an kafa turke. Taku ɗaya bayan dira yana iya cin kashi ɗaya cikin goma na maki, faɗuwa kuwa rabin maki ce. Ko a tsallen nan mai sunan Natalia Yurchenko ta tsohuwar Tarayyar Sobiyat, tun 2016 mai juyi ɗaya daga 9.95 makinta ke farawa, sai mai juyi ɗaya da rabi ce ke farawa daga 10. Wannan ɗan bambanci na 0.05 ya isa ya sa masu horarwa su yi ta zarya a gidan yarinyar da ba ta taɓa sa rigar ƙasa ba, matuƙar ta iya wancan tsalle kuma tana tsayawa.

Sai kuma lissafin ƙungiya. A kowace karawa mutum shida ke hawa kowane kayan wasa, a ɗauki maki biyar mafiya yawa, a yar da ɗaya. Wato wasa 24 ake bukata kowane mako daga Janairu har Afrilu, 20 daga ciki su shiga lissafi. Gwana ɗaya, komai gwanintarta, huɗu kawai za ta iya yi. Sauran ashirin ɗin suna hannun 'yan aji biyu da uku da huɗu, har da waɗanda suka shigo ba sukolashif, ba tauraro, suka ƙware a kan kayan wasa guda. Jerin sababbin ɗalibai ba ya ganin waɗannan.

Abin da ya faru da rukunin da ya shiga jami'a a 2016 ya isa misali. A shekarar UCLA ta karɓi Kyla Ross, wadda ta ci zinariya da ƙungiyar Amurka a Landan a 2012, da Madison Kocian, wadda ta ci tata a Rio a 2016. Su ne mata na farko masu zinariyar Olamfik da suka yi gasar jami'a a wannan wasa. Oklahoma kuwa ta karɓi Maggie Nichols, wadda ta yi fama da ciwon gwiwa a 2016 kuma ba a tafi da ita Rio ba. Da aka zo gasar ƙasa ta 2017 Oklahoma ce ta ɗauki kofi, UCLA ta zo ta huɗu, ko da yake Ross ta yi zarra a sanduna da katako. A 2018 ne UCLA ta rama, da maki 198.075 a kan 198.0375 na Oklahoma. Amma wadda ta rufe wasan ranar da cikakken maki 10 a kan katako ita ce Christine Peng-Peng Lee 'yar Kanada, wadda ke shekararta ta shida a jami'ar bayan ciwon gwiwa ya hana ta kakar wasa biyu. Rukunin da ta shigo da shi tuni an manta da jerinsa. Nichols kuwa ita ta zama gwanar gwanaye ta ƙasa a 2018 da 2019.

Rukunin 2021 ya fi wannan ban mamaki, domin bayan wasannin Tokyo ne gwanayen Amurka suka kwararo jami'o'i. Sunisa Lee, mai zinariyar gwanar gwanaye, ta tafi Auburn. Jade Carey ta tafi Jami'ar Jihar Oregon. Grace McCallum ta tafi Utah. Jordan Chiles ta tafi UCLA tare da wasu 'yan wasan ƙasa na Amurka da Kanada. Florida kuma ta sami Leanne Wong da Morgan Hurd, zakarar duniya ta 2017. Abin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne canjin doka na watan Yulin 2021, wanda ya halatta wa ɗalibai 'yan wasa karɓar kuɗin talla. Kafin nan duk wadda ta karɓi irin wannan kuɗi ta haramta wa kanta gasar jami'a. Haka Jordyn Wieber ta yi karatu a UCLA tana hidimar ƙungiya ba ta wasa, haka kuma Simone Biles ta janye alkawarinta da jami'ar a 2015.

Da Afrilun 2022 ya zo, sai aka ga abin da ba a zata ba. UCLA, duk da tarin sunayen da ta kwasa, ba ta ma kai ga gasar ƙasa ba, an fitar da ita tun a gasar shiyya. Hurd ba ta yi wasa ko sau ɗaya ba a kakar saboda tsinkewar jijiyar gwiwa. Lee ta taimaka wa Auburn ta kai zagayen ƙarshe, abin da ya tabbatar da cewa gwana guda tana iya ɗaga ƙungiya, amma ta huɗu suka zo, kuma a 2023 ciwon ƙoda ya katse mata kakarta ta biyu, wadda ita ce ta ƙarshe. Kofin 2022 Oklahoma ce ta sake ɗauka, a ƙarƙashin K.J. Kindler, kuma babu ko ɗaya cikin sababbin ɗalibanta da ta je Tokyo. Ɗaya daga cikinsu, Jordan Bowers, ita ta zama gwanar gwanaye a 2025. Ta 2024 kuwa, Haleigh Bryant, wadda ta jagoranci LSU zuwa kofinta na farko, daga mataki na 10 ta fito.

Ba wai masu jerin ba su san aikinsu ba ne. Mai taurari biyar galibi takan yi abin kirki, kuma jami'ar da ta shekara huɗu tana ɗibar irinsu da wuya ta rasa shiga sahun gaba. Illa dai abin da ake aunawa shi ne yarinya 'yar shekara 16 ko 17, wadda jikinta bai gama girma ba, wadda ta saba da horon sa'o'i talatin ko fiye a mako a gaban mai horarwa guda, za ta koma na sa'o'i 20 da doka ta ƙayyade, ga lacca, ga jarrabawa, ga kewar gida. A da ma abin ya fi haka muni, don akan ɗauki alkawarin yara tun suna shekara 13 ko 14. Sai a 2019 hukumar NCAA ta hana masu horarwa tuntuɓar yarinya kafin 15 ga Yuni na bayan shekararta ta biyu a babbar sakandare. Wannan gyara ya rage caca da rayuwar yara, kuma ya kamata a yaba shi, ko da yake ya zo a makare.

Yanzu kuma wasu sauye-sauye biyu sun ƙara rage wa jerin ƙarfi. Na farko, ɗaliba tana iya sauya jami'a ta ci gaba da wasa ba tare da ta zauna shekara guda ba, don haka rukunin da aka yaba bana yana iya watsewa baɗi, kamar yadda Selena Harris ta bar UCLA ta koma Florida a 2024. Na biyu, sulhun da kotu ta amince da shi a Yunin 2025 ya cire iyakar sukolashif 12 ga jami'o'in da suka shiga tsarin, ya maye gurbinta da iyakar mutum 20 a ƙungiya. Jami'a mai kuɗi za ta iya biya wa duka ashirin ɗin. Maras kuɗi kuwa sai kallo. Waɗanda abin ya fi shafa su ne yaran nan marasa tauraro da a da akan bar su su shigo su gwada sa'arsu.

Akwai kuma abin da taurari ba sa iya ƙirgawa, wato dalilin da ke kai yarinya wata jami'a. Morgan Price mai taurari biyar ce, kuma ta riga ta yi wa Arkansas alkawari, sai ta janye ta tafi Jami'ar Fisk da ke Nashville, wadda a 2023 ta zama ta farko cikin tsofaffin jami'o'in baƙar fata da ta fito da ƙungiyar mata a wannan wasa. Wadda ta fara horar da su ita ce Corrinne Tarver, baƙar fata ta farko da ta zama gwanar gwanaye ta NCAA, a 1989. Price ta ci gasar ƙasa ta ƙananan ƙungiyoyin jami'o'i a 2024 da 2025. A 2025 ɗin ne ta koma Arkansas, inda 'yar'uwarta Frankie ke wasa a lokacin, domin ta yi shekararta ta ƙarshe, kuma a watan Yunin shekarar Fisk ta ba da sanarwar rufe ƙungiyar bayan kakar 2026.