Tsutsotsin da Ke Zaune Cikin Kwaɗo

Da an yi ruwan fari a ƙasar Tambuwal, kowane tafki daga Dogon Daji har fadamun Kebbe sai ya ɗauka da kukan kwaɗi. Mu kuwa ba mu cika kula da su ba. Amma masana sun tarar kwaɗo shi ma yana da nasa baƙin, waɗanda ke ci daga jikinsa ba da izninsa ba.

Akwai wata tsutsa mai faɗi, ana ce da ita Polystoma, tsawonta bai wuce faɗin farce ba. Mazauninta mafitsarar kwaɗo, inda ta kan kafe da bakunan tsotso guda 6, tana shan jini. Abin mamaki, wadda aka fi sani a ƙasar Turai ba ta yin ƙwai sai ran da kwaɗon ya shiga ruwa don hayayyafa. Ƙwan nata ya fita tare da fitsari, ya ƙyanƙyashe daidai lokacin da 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya suka cika ruwa. Sai ƙaramar tsutsar ta liƙe wa ɗan kwaɗo a wurin shaƙar iskarsa na wuya. Sa'ad da ya yar da wutsiya zai hau tudu, ita kuma sai ta bi fatar cikinsa ta gangara mafitsara, ta yi kamar shekara 3 kafin ta balaga. An sami danginta cikin kwaɗin Nijeriya.

Wata ta fi wannan mugunta. A shekarar 1995 waɗansu 'yan makaranta a Minnesota ta Amurka suka kama kwaɗi masu ƙafafu a karkace, waɗansu babu ƙafa ɗaya. Cikin 1999 Pieter Johnson ya nuna tsutsar Ribeiroia tana iya jawo irin wannan. Daga dodon koɗi take fitowa, ta huda ɗan kwaɗo daidai inda ƙafa za ta tsiro. Gurgun kwaɗo kuwa ba ya tsere wa zalɓe, ita ko cikin tsuntsu take so ta shiga, gama can take yin ƙwai.

A Amurka ɗin kuma akwai wani ɗan ƙwaro dangin kaska mai shiga ƙarƙashin fatar kwaɗi da ta salamanda, watau wani ɗan'uwan kwaɗo mai siffar ƙadangare, wanda babu shi a ƙasashenmu.

To, ga inda zancen ya shafe mu. Tsargiya, wadda ke sa yaranmu fitsarin jini, tsutsarta 'yar'uwar ta Minnesota ce, ita ma sai ta bi ta dodon koɗi. Theodor Bilharz ya gan ta a Alƙahira a 1851, Robert Leiper kuma ya tabbatar da hanyarta a Masar a 1915. Ba kwaɗo ke ba mu ita ba, kada a ɗora masa laifi. Mai ciwon ya yi fitsari a tafki, ƙwai ya shiga ruwa, tsutsar ta girma cikin dodon koɗi, kāna ta huda fatar mai wanka. Mu da za a raba mu makarantun ƙauye, sai mu riƙa tambayar almajiranmu a asirce, gama yaro ya kan ji kunyar faɗi. Maganin, praziquantel, ƙwaya ce, ana samun ta asibiti.