Ɗaga motar daji a ƙasar Adar: amfani da haɗarin ƙarin sifirin

Duk wanda ya bar babban titin kwalta da ya haɗa Birnin Ƙonni da Maraɗi, ya karkata arewa daga Madawa zuwa Buza da Keita, ya san dalilin da ya sa Hilux da Land Cruiser suka fi kowace mota daraja a wannan yanki na jihar Tawa. Ƙasar Adar ƙasa ce ta tuddan duwatsu da kwaruruka. Mota za ta hau fako mai tsakuwa, ta gangara cikin kwarin Majiya, ta ratsa yashin korama, sannan ta sake hawa. Da damina ruwan da ke sauka daga duwatsu yana yanke hanyoyin ƙauyuka, ya bar zaizaya mai kaifin baki. Irin wannan zaizayar ƙasa ce ta sa aka soma aikin raya karkara na Keita a 1984 da kuɗin gwamnatin Italiya da haɗin gwiwar hukumar FAO.

Yawancin motocin da ke jigila tsakanin kasuwannin Tamaske, Ibohaman, Karofan da Bangi tsofaffi ne, kuma ba kaɗan ba ne daga cikinsu aka saya da gumin 'yan ci-rani na Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya. Mai motar na can waje, direba na nan gida, ana magana ta WhatsApp. Wata rana sai saƙo ya iso: mota tana gogar ƙasa, a turo kuɗi a ɗaga ta. Kafin a tura, ya kamata a san abin da za a saya.

Hanyoyin ɗagawa ba ɗaya ba ne

Hanya mafi sauƙi, wadda kowane gareji ya iya, ita ce ƙara ganye ɗaya ko biyu a sifirin baya, abin da makanikai a Nijar ke kira lam. Wasu kan tsawaita ƙarfen da ke riƙe wutsiyar sifirin. A gaban Hilux ƙirar 2005 zuwa sama, inda sifirin murɗaɗɗe ne, ana cusa zoben ƙarfe a samansa. Akwai kuma masu kwance tsohon lam da ya kwanta, su kai wa maƙeri ya sake lanƙwasa shi. Idan da wuta aka yi, an kashe ƙarfen: zafi yana cire masa taurin da aka ba shi a masana'anta, zai sake kwanciya ko ya karye a gargada.

Hanya ta biyu ita ce cikakken saiti daga kamfanonin da wannan ce sana'arsu, irin su Old Man Emu, Ironman 4x4 da Dobinsons, dukkansu na Ostareliya, ƙasar da ita ma take da dogayen hanyoyin gargada. Saitin na zuwa da sifirin, da amotisa mai tsawon da ya dace da shi, da robobi da kusoshi. Mafi yawansu suna ɗaga mota kimanin santimita 5 ne kawai. Wannan adadin ba don rowa aka tsaya a kansa ba. Da an wuce shi sosai, sai an sauya wasu sassan da ba su cikin kwalin.

Abin da ba ya ɗaguwa

Ga wani abu da masu sayar da kaya ba su cika faɗa ba. A Land Cruiser 75 ko 79, da kuma bayan kowace Hilux, akwai gatari guda mai ƙullin giya a tsakiya, wanda makanikai ke ce wa fon. Shi ne mafi kusa da ƙasa, kuma tayoyi ne ke ɗauke da shi, ba sifirin ba. Ko an ɗaga jikin motar kamu guda, fon yana nan inda yake. Dutsen da ya buge shi jiya zai buge shi gobe.

Babbar taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma da rabin bambancin tsawonta. Misali, taya mai lamba 265/65R17 tsawonta kusan milimita 776 ne, 265/70R17 kuma kusan 803. Bambancin milimita 27, wato fon ya tashi da milimita 13 ko 14. A madadin haka motar za ta ɗan rage ƙarfi a hawan dutse, ta ƙara shan mai, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da kusan kashi 3 da rabi cikin ɗari.

To me ɗagawar ke amfanawa? Tana hana cikin mota da tankin mai da bamban baya gogar ƙasa a lokacin sauka cikin korama da fita daga cikinta, kuma a Adar wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana kuma maido wa motar da sifirinta ya gaji tsayuwarta ta asali. A gaskiya motoci da dama da ake cewa a ɗaga su, sabon sifirin daidai da na kamfani kawai suke bukata.

Albasa da fasinja a sama

Haɗarin yana ɓoye ne a lodi. Hilux an ƙera ta ta ɗauki kimanin tan ɗaya, har da direba da fasinja. Babban buhun albasa irin na fadamun Madawa da Keita yakan haura kilo 100, don haka buhu tara ko goma sun cinye ma'aunin. Kowa ya san a ranar kasuwa ba a nan ake tsayawa ba, ga mutane zaune bisa buhuna, ga awaki, ga babur a ɗaure.

A da, kwanciyar bayan mota ita ce ke gaya wa ɗan kamasho cewa lodi ya isa. Da an ƙara lam, wannan alamar ta ɓace, motar na tsaye cak sai a ci gaba da jibgawa. Amma birki bai ƙaru ba, gatari da boris da shasi duk na jiya ne. Sifirin da ya yi tauri fiye da kima kuma yana miƙa duk bugun gargada ga shasi, shi ya sa ake ganin tsagewa da walda kusa da inda aka rataye shi.

Sannan duk santimitan da aka ƙara yana ɗaga tsakiyar nauyin motar. Mota doguwa mai kaya a bisa, a gangare mai karkata ko a kwanar da aka kauce wa jaki ba zato, ta fi saurin kifewa, kuma waɗanda ke zaune a sama ba su da abin riƙewa. Ruwa ma ba ya jin tsoron doguwar mota: korama mai gudu tana tura ta ta gefe ne, ko tana sama ko tana ƙasa.

Akwai wani ƙaramin ƙarfe da ake yawan mantawa da shi. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser marasa ABS suna da bawul a baya da ke auna lodi ta hanyar tazarar jiki da gatari, ya raba ƙarfin birki. Idan aka ɗaga mota ba a gyara sandarsa ba, sai ya ɗauka motar ba kaya, ya rage birkin baya alhali tana cike. A gangaren dutse birkin gaba kaɗai ke aiki har ya ɗau zafi. Gyaransa ɗan ƙarfe ne da aikin 'yan mintoci.

Sauran kuwa makanike nagari ya san su: tiyon birki kada ya ɗame idan taya ta sauka rami, kusoshin da ke ɗaure lam da gatari a sa sabbi, a sake daidaita ƙafafun gaba da fitilu. A Hilux ta zamani, ɗaga gaba fiye da kima yana karkatar da kardan, robarsa ta yage, yashi ya shiga. Amotisa gajere a kan dogon sifirin kuma ba ya daɗewa.

Ina kayan ke fitowa?

Kayan gyara na shigowa yankin daga Yamai da Maraɗi, da kuma Najeriya ta Illela da Ƙonni, daga Sakkwato da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya tsawaita hanyar kayan da ke zuwa ta teku, ga kuma jabu masu fenti da tambarin manyan kamfanoni. Ɗan ci-rani da zai sayo saiti daga Dubai ko Turai ya tura lambar shasi da shekarar ƙira, domin Land Cruiser 75 lam ne gaba da baya, ita kuwa 79 da ta fito a 1999 murɗaɗɗen sifirin ne a gabanta. Kamfanonin kuma suna sayar da sifirin ne bisa nauyin da motar ke ɗauka kullum. Na lodi mai nauyi a motar da ke yawo fayau zai girgiza mara lafiyar da aka ɗauko daga ƙauye zuwa asibitin Madawa fiye da yadda tsohon ke yi.

Bayan an gama aikin, a bar motar ta yi kilomita ɗari biyu ko uku a hanyar Buza, sannan a maida ta gareji a sake ɗaure kusoshin lam, domin sabbi kan saki bayan tafiyar farko.