Bazarar da Hatsi Ya Ƙi Tashi

Akwai wani lissafi da ko yaron da ke korar tsuntsu a gonakin Hamdara ya haddace shi: da kaka hatsi arha, da bazara hatsi tsada. Wanda ya iya daurewa bai taɓa rumbunsa ba har ruwan shuka ya sauka, shi ke cin ribar haƙurinsa. A 2024 lissafin ya wuce yadda aka saba, don tsadar da aka gani a bazarar nan ta sa magidanta da yawa sun sayar da bisashensu kafin su ga sabon hatsi. Saboda haka da aka yi girbi, kawuna ya yanke shawara. Ya sayar da ridi da akuya biyu ya biya buƙatun gida, ya liƙe rumbun hatsi, ya zauna jiran bazarar 2025.

Rani ya wuce. Zafi ya shigo, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, aka yi shuka, aka yi noman fari. Tiya ba ta motsa ba, a wasu kasuwannin ma ƙasa ta yi. Da na je gaishe shi, bayan mun gama gaisuwa sai ya ce, "Ɗana, kai da ke yawo cikin birni, wa ya danne mana tiya?" Ban ba shi amsa ranar ba. Na ɗauki tambayar na tafi da ita, domin ruwa ba ya tsami banza.

Wanda kowa ya fara nunawa da yatsa shi ne albarkar damina. Gaskiya ne an yi ruwa a 2024 irin wanda aka daɗe ba a gani ba, har tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram ya rushe a watan Satumba. Inda ambaliya ba ta ci gona ba, hatsi ya yi kyau. Sai dai albarka tana bayyana arhar kaka ne kawai. Mun sha ganin shekarun ƙoshi, kuma ko a cikinsu tiya takan ɗaga da bazara, saboda gidaje da yawa ba sa noma abin da zai kai su wata goma sha biyu. Rumbu kan ƙare, mai sayarwa jiya ya koma mai saye yau. Albarka tana da hannu, amma ba ita kaɗai ba ce.

Na biyu su ne 'yan kasuwa. A ƙasarmu duk abin da ya sami farashi, su ake fara zagi. Na shiga kasuwar Dole da wannan zargi a raina, na fito da shi a sanyaye. Waɗanda suka cika sito da kaka suna jiran riba, su ma kuka suke yi, wasunsu da bashi a wuya. Mutum ba ya haɗa makircin da zai cinye jarinsa. Abin da na ƙaru da shi a wurin wani dillali shi ne yadda yake fara safiyarsa. Kafin ya faɗi kuɗin buhu sai ya buga waya Maigatari, ya buga Mai'aduwa, ya ji abin da ake ciki a Dawanau ta Kano, sannan ya tambayi canjin naira da sefa. Bayan haka ne yake buɗe baki.

Wannan bai kamata ya ba ɗan Damagaram mamaki ba. Daga nan zuwa Kano kilomita wajen 240 ne, zuwa Yamai kuwa kusan 900. Tun zamanin Sarki Tanimu ayarin da ke zuwa Tarabulus da wanda ke gangarawa Kano a nan suke haɗuwa, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗar ƙasar nan ta can ta riƙa fita. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta raba hukuma, ta bar kasuwa a haɗe. Har yau kudu ke turo mana masara da dawa da gero idan namu ya ƙare, mu kuma mu tura wake da ridi da dabbobi. Ashe tiyar Hamdara reshe ce, gindin yana wani wuri.

Daga nan hankalina ya koma kan dokar da gwamnati ta kafa a Yamai cikin watan Oktoba na 2024, wadda ta hana fitar da shinkafa da hatsi da dawa da masara da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Na ɗauka na kama ɓarawon. An rufe ƙofar fita daidai lokacin girbi, kaya sun taru a gida, dole su yi arha. Ga mai wake musamman, dokar ta taɓa shi a jijiya, don kasuwar wakenmu Najeriya ce. Manomin Mirya ko Magarya ba shi da abin da zai yi da izinin kai kaya Bamako.

Amma da na sake juya maganar sai na ga ɓaraka. Iyakarmu da Najeriya ta kai kilomita 1,500, kuma mun ga abin da ya faru lokacin da Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020: babura da amalanke ba su daina bin ɓarauniyar hanya ba. Da a ce hatsi na tsada a Kano, da tsadar ta tsallako ko ana so ko ba a so. Abin da ya faru shi ne a Dawanau ɗin kanta farashi ya karye, can inda dokar Yamai ba ta da iko. Dokar ta ƙara nauyi, amma sawun ya ci gaba zuwa kudu. Na bi shi.

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, ba ta motsa ba. Mai sefa ya zama sarki a kasuwannin Jigawa da Katsina, abinci ya riƙa kwarara waje, kwastan na kama motoci, a Kano har rufe wasu manyan sito aka yi a Dawanau cikin Fabrairun 2024. Yunwa ta kai mutane bango, ta fito da su titi a farkon Agusta. Gwamnatin da ta ga wannan wuta tana tahowa dole ta nemi ruwa, kuma ruwan da ta samo shi ne kuɗin fito.

A watan Yulin 2024 ministan noma Abubakar Kyari ya ba da sanarwar dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci na tsawon kwana 150. Da hukumar kwastan ta fitar da ƙa'idoji, an ga jerin: shinkafar da ba a gama gyarawa ba daga kashi 30 cikin ɗari ta koma sifiri, alkama da wake daga kashi 20, masara da dawa da gero daga kashi 5.

A nan na daɗe a tsaye, don lissafin ya ƙi fita. Kashi 5 kacal ne a kan masara. A buhun jika ashirin, jika ɗaya ke nan. Ta yaya jika ɗaya za ta karya kasuwar da ta fi kowace girma a Afirka ta Yamma? Sai da na duba abin da ke gefen dokar sannan ƙullin ya fara kwancewa.

Katangar da ta fi tsare masarar Najeriya ba harajin ba ce. Tun Yulin 2020 babban bankin ƙasar ya hana ba masu shigo da masara dala, kuma an ɗage wannan hani a Oktoban 2023. Harajin shi ne sakata ta ƙarshe a ƙofar da aka riga aka buɗe. Bayan ƙofar kuma arha ce ke jira: masarar da ta haura dala 8 kowane ma'aunin bushel a kasuwar Shikago a 2022 ta dawo wajen dala 4 a 2024. Sannan a dubi waɗanda aka ba damar shigowa da kayan. Ƙa'idojin sun keɓe ta ga kamfanonin da suka shekara biyar suna aiki, masu injinan casa da niƙa. Su ne dai mutanen da ke turo wakilai Saminaka da Giwa da Dandume da kaka suna kwashe masara tirela-tirela don abincin kaji da gari. Babban mai saye idan ya sami wata hanya, ba sai ya daina saye ba, ya isa ya daina gaggawa. Jiragen ruwa sun yi jinkirin isowa Legas, amma labarinsu ya riga su zuwa kowane sito. Wanda ya ɓoye kaya ya tsorata ya fito da su, maƙwabcinsa ya gani ya bi, ga kuma sabon amfanin da manoma suka noma da yawa saboda kwaɗayin tsadar da suka gani. Naira ta ɗan tsaya da ƙafafunta a 2025, kwararar kaya waje ta ragu.

Saura tambaya ɗaya, wadda ita ce ta kawuna. Jigawar Hamdara ba ta masara ba ce, in ban da 'yar wadda ake yi a fadama ko bayan gida. Ina ruwan hatsinsa da ita? Amsar tana cikin tukunya. Uwargida a Birni ko Sabon Gari da ta je awo, tuwo take nema, kuma idan masara ta fi sauƙi ita za ta kai inji. Mai abincin kaji da ke haɗawa da dawa lokacin tsada sai ya koma masara zalla, dawa ta rasa mai nema ta faɗi. Dawa na faɗuwa gero ba zai tsaya shi kaɗai a sama ba, fura da kunu kawai ba za su riƙe shi ba. Shinkafa mai sauƙi kuma tana janye wasu bakunan daga tuwon gaba ɗaya. Haka faɗuwar ke gangarowa daga buhu zuwa buhu, daga Dawanau zuwa Maigatari ranar Alhamis, daga can zuwa Magarya, har ta iso tiyar da ke hannun mai awo a ƙauyenmu.

Wake kuwa nasa ya fi ba ni tausayi. A tsarin ƙungiyar CEDEAO amfanin gona ɗanye yana ratsa iyakokin yankin ba tare da kuɗin fito ba. Ke nan harajin kashi 20 da Najeriya ta ɗora wa waken ƙasashen nesa inuwa ce da manomin Damagaram ya daɗe yana sha bai san da ita ba. A shekara guda Abuja ta sare itacen, Yamai ta rufe hanya.

Na bi sawun waken soya ma, saboda matan da ke soya awara a bakin titunan Damagaram daga Najeriya wakensu ke zuwa. Ba ya cikin jerin kwastan, amma shi da masara tagwaye ne a buhun abincin kaji, kuma farashinsa na sauraron kasuwar duniya. A can ne ake rigimar da ta fi kowace ƙara. A Yulin 2018 ƙasar Sin ta ɗora harajin kashi 25 kan waken soyan Amurka don ramuwar harajin Shugaba Trump, ta koma saye a Birazil, farashi ya faɗo daga sama da dala 10 zuwa kusan 8. A 2025 aka maimaita, Sin ta yi watanni ba ta sayi sabon waken Amurka ba sai gab da ganawar shugabannin ƙasashen biyu a Busan a ƙarshen Oktoba. A ganina rabon wannan rigima cikin abin da ya sami tiyarmu kaɗan ne, iska ce mai nisa da ta ƙara wa kasuwar duniya sanyi. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Gwamnatin Amurka ta biya manomanta fiye da dala biliyan 20 a 2018 da 2019, don rage musu asarar da rigimar ta jawo. Manomin Giwa da na Hamdara su ma shawarar hukuma ce ta taɓa su, kuma babu wanda ya zo ya auna asararsu.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, don na gan shi da idona. Arhar nan rahama ce ga gidajen da rumbunsu ya ƙare tun watan uku, kuma su ne suka fi yawa. Yaran da suka kwana da yunwa a 2024 sun ci sun ƙoshi a 2025. Ban ga laifin gwamnatin da ta nemi sauƙaƙa wa talaka abinci ba. Laifin da na gani shi ne a bar mai noman ya ɗauki kuɗin sauƙin shi kaɗai, a shekarar da taki bai sauko ba. Ofishin OPVN da ke sayar da hatsi da rahusa lokacin tsada, shi ya fi dacewa ya fito da ƙarfi ya saya a hannun manoma da daraja lokacin arha. Manoman arewacin Najeriya da dama sun rage gonakin masara a daminar 2025 saboda buhun masara ya kasa sayen buhun taki, kuma idan masara ta yi ƙaranci can, nan za a ji.

Na koma Hamdara ana gab da sabon girbi, na zauna kan tabarma na warware wa kawuna zaren tun daga Legas. Ya riga ya buɗe rumbun ya sayar da rabi, don a sami wurin zuba na bana. Ya saurare ni har na gama, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "To ɗana, sa mini lambar dillalin nan. Ranar Alhamis zan tambaye shi kuɗin masara."