Daga dutsen Dabous zuwa taurari: wa ya yi magana da yawunmu?

Matafiyin da ya bar Agadas ya kama hanyar Arlit, in ya ci kamar kilomita 110, zai iso Dabous. A can, bisa wani fa, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa. Babban ya zarce mita 5. Masana na ba su aƙalla shekara 6000. Mai sassaƙar bai bar suna ba, bai kuma san wanda zai gani ba. Raƙumin dawa ya ƙaura daga Abzin tun da daɗewa, amma saƙon ya iso.

Irin wannan niyya ce ta sa hukumar NASA ta Amurka, a shekarar 1977, ta liƙa faifai a jikin kumbuna biyu, Voyager 1 da Voyager 2, domin duk wata halitta mai hankali da za ta tsince su a sararin samaniya. Faifan na tagulla ne da aka shafa wa zinariya. Kwamitin da Carl Sagan ya shugabanta ya zuba hotuna fiye da 100 a ciki, da kiɗa na minti 90, da ƙarar tsawa da kukan jinjiri, da gaisuwa cikin harsuna 55.

Ma'aikatan Arlit za su so su ji wannan: a kan murfin faifan an ɗiga uraniyom 238, irin ƙarfen da ake haƙowa a ƙasarsu tun 1971. Aikinsa a can agogo ne. Rabinsa ke narkewa cikin shekara miliyar 4 da rabi, saboda haka wanda ya auna abin da ya saura zai san lokacin da aka aiko wasiƙar.

To, sai dai akwai abin dubawa. Cikin harsunan nan 55 babu Hausa, wadda miliyoyin mutane ke ciniki da ita daga Agadas har Kumasi. Babu Buzanci, babu Zabarmanci, babu Fulatanci. Afirka ta kudu da Sahara ta samu biyar: Luganda, Nyanja, Sotho, Nguni da Ila. Amma an sa Sumeriyanci da Akadiyanci, waɗanda masu su suka mutu tun dubban shekaru! Hujjar kwamitin ita ce ƙurewar lokaci: makwanni kaɗan aka ba shi, sai ya ɗauki muryar waɗanda ya samu a jami'ar Cornell da kewayenta. Hujja ce, amma kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa in dillali ya yi ciniki mai kaya ba ya nan.

Wasu ma cewa suke bai kamata a aika ba sam. A 2010 Stephen Hawking ya tunatar da abin da ya samu ƴan asalin Amurka bayan jiragen Kolombus sun iso gaɓarsu. Mutanen Abzin, da suka ga shigowar sojan Faransa da abin da ya biyo bayan yaƙin Kawusan a 1917, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Ko ma mene ne, bakin alƙalami ya bushe. Voyager 1 ya fita daga yankin iskar rana a 2012, ɗan'uwansa a 2018. Yana cin kilomita 17 cikin kowace daƙiƙa, amma sai bayan shekara kamar 40,000 zai gitta kusa da wani tauraro.