Nassi Ɗaya, Hukunci Biyu: Mazhabobin Fassarar Tsarin Mulki a Kotun Ƙolin Amurka

A shekarar 1868 aka yi wa tsarin mulkin Amurka gyara na goma sha huɗu, wanda ya wajabta wa jihohi bai wa kowa kariyar doka daidai wa daida. A 1896, cikin shari'ar Plessy, Kotun Ƙoli ta ce wannan nassi bai hana ware baƙar fata daga farar fata ba, muddin abin da aka tanadar wa kowane ɓangare ya yi daidai. A 1954, cikin shari'ar Brown, alƙalai tara suka haɗu a kan cewa wariya a makarantun gwamnati ta saɓa wa nassin nan. Lafazin bai sauya ba. To, me ya sauya?

Mazhabar asali, wadda Mai Shari'a Antonin Scalia ya yi fice da ita, tana ganin ma'anar nassi ita ce wadda mutanen zamanin rubuta shi suka fahimta. Alƙalin da ya ƙetare wannan iyaka ya ƙwace aikin majalisa. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai shari'ar Brown ta zame mata ƙarfen ƙafa, domin majalisar da ta zartar da gyaran ta ƙyale makarantun wariya a birnin Washington. Mabiyanta sun daɗe suna neman mafita daga wannan.

Masu cewa tsarin mulki rayayye ne, irin su Mai Shari'a William Brennan, suna riƙon cewa an rubuta manyan ƙa'idoji da faffaɗan lafazi domin kowane zamani ya aiwatar da su gwargwadon fahimtarsa. Ronald Dworkin ya ƙara sharaɗi: dole fassarar ta dace da hukunce-hukuncen baya, kuma ta fito da mafi kyawun manufar doka. Raunin wannan hanya a bayyane yake: wa ke tantance fahimtar zamani in ba alƙalin kansa ba?

Nan ne masana siyasa suka shigo. A 1993 Jeffrey Segal da Harold Spaeth suka kafa hujja da ƙuri'un alƙalai cewa aƙidar siyasar alƙali ce ke ja masa gora, dalilan shari'a kuma daga baya ake jero su. Wannan nazari yana haska shari'o'in da kan kotu ya rabu, amma ƙarfinsa na raguwa idan alƙalan da shugabanni masu saɓanin ra'ayi suka naɗa suka yi ittifaƙi, kamar yadda ya faru a 1954.